Yadda ake zaɓen laftof mai naɗewa ta koma tab, don aiki da kallo a Sakkwato

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Tana koyarwa a wata makarantar sakandare ta wajen Arkilla, tana kuma karatun digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wata Juma'a bayan la'asar ta miƙo mini wayarta, ga hoton wata laftof an lanƙwasa ta baya ta tsaya kamar bukka. Ta ce, "Yaya, irin wagga nika so. Da rana in yi aikin makaranta, da dare ɗiya su yi kallo." Na ce madalla, amma ba za mu taka kasuwa ba sai mun zauna mun yi lissafi, domin ni na taɓa sayen irinta da ido kawai, na kuwa ji a jikina. Hanyar da muka bi da ita ce zan shimfiɗa a nan daki-daki.

Mataki na farko: san cewa gida biyu ne

'Yan kasuwa kan haɗa su duka su ce "tu-in-wan" ko "mai juyawa", alhali iri biyu ne da ba su da halin juna.

Iri na farko laftof ce cikakkiya, sai dai hinjinta, wato gaɓar da ta haɗa allo da madannai, yana juyawa har digiri 360, allon ya kwanta a bayan madannan. Lenovo ce ta yaɗa wannan salo da Yoga a 2012, shekarar da Windows 8 ta fito. A HP duk wadda ka ga an rubuta x360 a sunanta irin wannan ce, ko Spectre, ko Envy, ko Pavilion, ko EliteBook. ASUS na kiran nata Flip, Acer na cewa Spin, Dell kuma tana da su cikin Latitude da Inspiron.

Iri na biyu tab ce tun asali, wato allo zalla da ake sarrafawa da yatsa. Injin da batir duk suna bayan allo, madannan kuwa murfi ne siriri da maganaɗisu ke riƙewa, kana fizgewa ya fita. Surface Pro ta Microsoft, wadda ta fara fitowa a 2013, ita ce uwar wannan gida. HP Elite x2 da Dell Latitude 5290 2-in-1 duk sahunta suka bi.

Taura biyu ba ta taunuwa. Mai naɗewa laftof ce ta ƙwarai, amma a matsayin tab tana da nauyi: mai inci 13 takan kai kilo 1.2 zuwa 1.4, alhali iPad ta yau da kullum ba ta kai rabin kilo ba. Ka riƙe ta a hannu kana kwance, minti goma ya isa damtsenka ya fara magana. Mai cirewa kuwa sakayau take, Surface Pro 7 ba ta kai giram 800 ba in babu madannai, amma ɗora ta a cinya ka yi bugu ka gani. Ƙarfen jinginarta na nutsewa a cinya, murfin na lanƙwashewa, allon na neman kifewa baya. Tebur take so. Wanda aikinsa a kan tabarma yake, ko a benci gaban shago, ko a ɗakin lacca mai siririn katako, ya yi wa kansa wannan hisabi tun yanzu.

To yaya za ka raba gardama? Ƙirga awanni. Na ce wa ƙanwata ta faɗa mini gaskiya, a mako guda awa nawa take bugun rubutu, awa nawa take karatu ko kallo. Da ta lissafa tambayoyin jarrabawa, da sakamakon ɗalibai a Excel, da babi-babin kundin bincikenta, sai ga bugu ya cinye kusan komai. Magana ta ƙare, mai naɗewa ce tata. Da likita ce mai zagayen marasa lafiya tana duba bayanai a tsaye, ko mai zanen ɗinki da ke nuna wa mata samfuri, ko ɗalibin ilimi da ke wuni yana bitar littattafai a PDF yana ta'aliƙi a gefe, da mai cirewa zan nuna mata.

Akwai kuma wanda bai buƙatar ko ɗaya. In ba ka taɓa jin sha'awar shafa allon laftof ba, kuma kallonka a waya kake yi, sayi laftof ta gargajiya da kuɗin, za ka sami injin da ya fi ƙarfi. Juyawar nan kuɗi ake biya a kanta.

Mataki na biyu: rubuta manhajojin da ba ka iya rabuwa da su

Wannan gajere ne amma yana kawar da rabin kayan da ke kan kanta. In aikinka na buƙatar SPSS, ko CorelDRAW, ko AutoCAD, ko cikakken Excel, ko Maktaba Shamila ta kwamfuta, Windows kake nema. iPad da tab ɗin Android, ko an maƙala musu madannai, ba sa ɗaukar manhajojin Windows. Haka Chromebook, wadda za ka ga masu naɗewa da yawa a cikinta da araha mai jan hankali. Ta yi wa yaro ɗan makaranta da mai aikin da bai wuce intanet ba, amma ba a sa mata manhajar Windows kai tsaye, kuma kowace tana da ranar da Google ke daina sabunta ta.

Ka kuma lura da masu furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ƙirar Snapdragon, irin Surface Pro X ta 2019 da sababbin da suka fito daga 2024. Windows ce a kansu, batirinsu na daɗewa, sai dai wasu tsofaffin manhajoji da direbobin tsofaffin firintoci, wato manhajojin da ke haɗa firinta da kwamfuta, ba sa jituwa da su. Mai shagon buga takardu da ke fama da firintar da ta shekara goma ya tsaya kan Intel ko AMD.

Mataki na uku: koyi karanta lambar furosesa, nan ake cin mutane

Shiga kowane shago ka ji: "Alhaji, wannan Core i7 ce fa!" Kamar an gama magana. Ba a gama ba. i7 ko i5 matsayi ne a cikin gida, abin da ya fi shi muhimmanci shi ne zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira jenareshon. Lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ke tona asiri. A i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na 8. A i7-7500U zubi na 7 ne. Daga na goma lambobi biyu ake karantawa: i5-10210U da i5-1035G4 na 10 ne, i5-1135G7 na 11, i5-1235U na 12.

Ga dalilin da ya sa na dage a kan haka. Furosesar i7-7500U ƙwayoyin aiki biyu gare ta, i5-8250U kuwa huɗu. Wato i5 ta zubi na 8 ta fi i7 ta zubi na 7 jan kaya, duk da sunan waccan ya fi cika baki, kuma sau da yawa an fi tsuga mata kuɗi. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa, tare da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu gyara sun iya dabarar cusa Windows 11 a kan tsohon inji, don haka ganin ta a allo ba hujja ba ce. Lambar za ka duba.

Domin kayan hannu sun fi yawa a kasuwarmu, ga 'yan sunaye da za ka riƙe. HP EliteBook x360 1030 G2 zubi na 7 ce, G3 da G4 na 8. Lenovo ThinkPad X1 Yoga ta farko na 6 ce, ta biyu na 7, sai ta uku ta shiga na 8. Surface Pro ta 2017, wadda ake kira Pro 5, na 7 ce, Pro 6 na 8, Pro 7 na 10. A ido kusan kamarsu ɗaya da 'yan'uwansu, harafi ɗaya ko lamba ɗaya ce ta raba su. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 daga jerin 4000 zuwa sama ba ta da abin kunya, 4500U ma ƙwayoyi shida gare ta.

Celeron, da Pentium, da Core m3, da duk wadda lambarta ta ƙare da Y, an yi su ne don ƙaramin aiki. Za su buɗe Word, za su kunna bidiyo, amma ranar da ka haɗa Zoom da shafuka goma na burauza da PowerPoint, sai ka koyi haƙurin da ba ka nema ba.

Mataki na huɗu: RAM da ma'aji

A laftof ta gargajiya mutum kan sayi mai RAM kaɗan, wato wurin da inji ke riƙe aikin da yake kai, ya ce zai ƙara in ya sami kuɗi. A nan wannan dabara ba ta cika ci ba, domin yawancin sirara masu juyawa an narke RAM ɗinsu a jikin bod, wato babban farantin da ke ɗauke da kayan injin. Duk Surface Pro haka suke, haka X1 Yoga, haka EliteBook x360 1030. Abin da ka saya da shi za ka rabu da ita. Giga 8 shi ne ƙasan ƙasa, 16 shi ne kwanciyar hankali in aljihu ya yarda. Mai giga 4 ko kyauta aka ba ka, yara za ka miƙa wa.

Ma'aji kuma ya zama SSD, wato mai sauri marar faifai mai juyawa, giga 256 aƙalla. In gidanku irin namu ne da ake sauke finafinai da wa'azuzzuka a ajiye saboda tsadar data, 512 ta fi, tunda fim ɗaya mai kyan hoto kan ci giga ɗaya zuwa biyu. Ka guji abin da aka rubuta eMMC, musamman mai giga 64: Windows kaɗai za ta cinye kaso mai tsoka, ga shi da nawa. A yawancin masu naɗewa ana iya canza SSD daga baya. A Surface Pro 7 da waɗanda suka gabace ta ba a iyawa, sai a Pro X da kuma daga Pro 7+ aka yi masa 'yar ƙofa. Ramin katin microSD, in akwai, ya ishi ajiyar finafinai.

Mataki na biyar: allo, tunda shi za ka wuni kana kallo

Girma inci 13 zuwa 14. Mai inci 15.6 in ka naɗe ta kamar ka rungumi tiren shayi ne, ba mai yi sau biyu.

Tsabtar hoto kada ta gaza 1920 da 1080. Mai 1366 da 768 tana dushe rubutu, balle rubutun Larabci mai wasulla. Mai 4K kuwa a inci 13 idonka ba zai ga wani bambancin kirki ba, batir ne kawai zai sha wahala.

Abin da mutane ba sa tambaya, kuma a garinmu shi ne kan gaba, shi ne ƙarfin haske, wanda ake aunawa da nit. Allon shafawa gilashi ne mai sheƙi, ranar Sakkwato kuma ba ta wasa. Mai nit 250 in ka fita da ita baranda da hantsi, fuskarka kawai za ka gani kamar madubi. Nemi 300 zuwa 400. Tunda mai shago ba lallai ya san lambar ba, ka roƙe shi ka fita da ita bakin ƙofa, ka ƙure hasken, ka gani da idonka.

Wasu EliteBook na zuwa da allon sirri mai suna Sure View, wanda aka yi don kada na gefe ya leƙa aikinka. A banki ko ofis abin so ne. A gidan da yara biyar za su kewaye allo ɗaya, na gefe zai yi ta kukan ba ya gani. Allon OLED kuma ba a magana wajen kyan launi, baƙinsa baƙi ne wuluk, amma tambayi kuɗin canza shi kafin ka ƙyasa.

Siffar allon ma da magana. Mai faɗi, 16:9, ya dace da fim da ƙwallo. Na Surface 3:2 ne, ya fi tsawo, shafin takarda na zama a cikinsa daram in ka tsayar da shi. Mai yawan karatu zai fi jin daɗin wannan ko 16:10.

Mataki na shida: zafi, ƙura da wuta

A nan ne shawarar mutumin Landan ba ta yi mana aiki. Kamfanoni da yawa, har da Microsoft a kan Surface, suna rubuta cewa an yi na'urar ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu wuce 40 ba labari ba ne. Inji in ya ji zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, shi ya sa laftof ɗin da ke tashi kamar walƙiya da asuba take jan ƙafa da azahar. Batirin lithiyam kuma zafi ne ajalinsa, yana rage masa rai, wani lokaci ya kumbura.

Tawa ta farko haka ta ƙare. Mai cirewa ce, ta hannu, na saye ta a wani shago saboda kyanta. Bazara ɗaya muka yi tare, kullum tana jone da caja a ɗakin da ba fanka in an ɗauke wuta. Wata rana na lura gefen allon ya ɗan ɗaga, har ina iya zura farce, ga wani tabo rawaya-rawaya a tsakiya. Batir ne ya kumbura yana turo gilashin daga ciki. Mai gyara ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Malam, wagga da gam aka liƙe ta. Sai an gasa allon an ɓamɓare, in ya fashe kuma ba ruwana." Ya fashe. Kuɗin allo da batir da aka aiko daga Legas ya kusa rabin abin da na saye ta.

Darasin da na ɗauka shi ne in kifa na'ura in duba bayanta kafin komai. In ka ga kusoshi, ana kwance ta a canza batir a share fanka cikin rabin awa. Masu naɗewa na layin ma'aikata, wato ThinkPad, Latitude da EliteBook, haka suke, kuma domin kamfanonin Turai da Amurka na sayen su da yawa su sallamar bayan 'yan shekaru, kayan gyaransu sun fi samuwa, in babu a gari a aiko daga titin Beirut a Kano ko Computer Village ta Ikeja. In kuwa ba kusa ko ɗaya, liƙe take, ka san da abin da ka shiga.

Batun fanka yana da fuska biyu. Surface Pro 7 mai i5 ba ta da fanka sam, mai i7 ce ke da ita. Marar fanka shiru take, kuma ba ta zuƙar ƙurar hunturu, amma ta fi saurin rage gudu a bazara. Mai fanka ta fi jure aiki, sai dai ta riƙa zuwa wurin mai gyara a hure ta duk bayan hazo ya wuce. Ni na fi son mai fanka, domin ƙura ana share ta, zafin Afrilu kuwa ba wanda ya isa ya share shi.

Sai wuta. Nemi wadda ake caji ta ramin USB-C, ka kuma gwada, don ba kowane ramin USB-C ke karɓar caji ba. Amfaninsa babba ne: cajar wat 65 guda ɗaya ta ishi laftof da waya, kuma fawa-bank mai alamar PD da ke ba da wat 45 ko 65 zai iya tayar da ita. Mai 20,000mAh kusan wat-awa 74 ke cikinsa, batirin irin waɗannan laftof kuwa yakan kai wajen 50, ka ga caji ɗaya ke nan bayan an cire abin da ke salwanta a hanya. Surface Pro 6 da waɗanda suka gabace ta ba su da USB-C, cajarsu ta daban ce mai maganaɗisu, in ta lalace sai an yi cigiya.

Mataki na bakwai: ƙananan abubuwa

Alƙalami: in za ka rubuta ajami ko Larabci da hannu, ko lissafi, ko ka sa hannu a takarda, yana da daɗi ƙwarai. Amma ba kowane alƙalami ke aiki a kowane allo ba, akwai tsarin Microsoft da ake kira MPP, akwai na Wacom mai suna AES. X1 Yoga na da ɗan rami a jikinta inda alƙalamin ke kwana yana caji, ka duba yana ciki. Tsohon alƙalamin Surface batirin AAAA yake ci, wanda ya fi na rimot siranta, ba kuma kowane mai tireda ke da shi ba. Madannan Surface daban ake sayar da su tun daga kamfani, don haka ka tambaya ko farashin da aka faɗa maka har da su.

Ramuka: wanda zai riƙa haɗawa da majigi a aji ko talabijin a falo ya nemi HDMI, ga kuma ramin filash na gargajiya ko guda ɗaya. In babu, sa kuɗin mahaɗi a lissafi. Ramin iyafis ma kada a raina shi, ranar da kake kallon Firimiya mutanen gida na barci za ka gode masa. Wasu na da ramin layin waya, abin alheri ga mai yawan tafiya ƙauyuka, amma hotsifot ɗin waya ma ya wadatar.

Ka kalli jerin haruffa. Muna kusa da iyakar Illela da Ƙonni, kayan ƙasashen Faransanci na shigowa, nasu madannan da AZERTY suke farawa maimakon QWERTY. Ana iya canzawa a cikin Windows, amma abin da ke rubuce a kan maɓallan ba zai canza ba.

Mataki na takwas: ranar ciniki

Kuɗi ba zan faɗa ba, domin tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a Yunin 2023 kayan nan da dala suke tashi da sauka, abin da na faɗa yau gobe ya zama ƙarya. Zagaya shago uku da suna ɗaya da lamba ɗaya, za ka san kasuwa. Kada ka biya kuɗin abin da ba ka riƙe ba, hoton WhatsApp kifi ne a ruwa. Ka tafi da filash, da iyafis, da data a waya, da awa guda da ba ka gaggawa a cikinta. Mai shagon da ya ƙi ba ka kujera ka gwada ya riga ya ba ka amsa.

Fara da danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance. Nan za ka ga ainihin lambar furosesa, da yawan RAM, da irin ma'aji, ba abin da aka liƙa a sitika ba.

Sai batir. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi. Layi biyu kake nema: Design Capacity, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yanzu. In na farko 50,000 ne na biyu 31,000, kashi 62 cikin ɗari ya rage. Ƙa'idata ita ce, ƙasa da kashi 80 a rage mini kuɗin sabon batir, in kuma liƙaƙƙiya ce in ajiye ta in yi gaba. Batirin jabu na iya nuna lambobi masu kyau, saboda haka ka zare caja, ka kunna bidiyo minti ashirin da haske sosai, ka ga kashi nawa ya sauka.

Yayin da bidiyon ke tafiya, saurari sifiku biyun, ka taɓa bayanta ka ji zafi. Bayan nan buɗe Paint, ka ja layi da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, sama da ƙasa, har gefe-gefe. Inda layin ya yanke, wurin ya mutu. Ɗauke hannunka ka zuba ido: in ɗigo na fitowa da kansa, allon na taɓa kansa ne, wannan ciwo ba ya warkewa sai da sabon allo, kuma a irin waɗannan gilashi da allo a haɗe suke, tare ake canza su. Cika fuskar da fari ka nemi tabo, ka mayar baƙi ka nemi ɗigon haske.

Yanzu hinji. Buɗe ta a hankali har ƙarshe, ka dawo da ita, sau biyar. Kada ka ji ƙara, kada ka ga roba ko ƙarfen kusurwa na buɗe baki. Tsayar da allon a rabi ka dangwale shi, in ya yi ta rawa ko ya faɗi baya, ya saki. Naɗe ta gaba ɗaya ka danna maɓallan da ke baya, bai kamata su rubuta komai ba. Juya ta tsaye, hoton ya bi ka. A mai cirewa, cire madannan ka mayar sau da yawa, kowane karo su kama nan take. Ɗora ta a tebur ka duba ta gefe, in wurin linzamin yatsa ya taso ko allo ya ɗaga, ka tuna labarina.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ɓoyuwa, wato kulle. Kayan hannu da yawa daga kamfanoni suka fito, wasu ba a sake su ba. Kashe ta ka shiga BIOS, wato saitin injin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, ta hanyar danna maɓallinsa da zarar ka kunna: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, a Surface kuma ka riƙe maɓallin ƙara sauti ka danna na kunnawa. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai sani ba, bar ta. A cikin Windows shiga Settings, Accounts, Access work or school, ka tabbata ba sunan wata ma'aikata. Mafi tabbaci shi ne a yi mata risetin a gabanka tana jone da intanet, domin wadda ke ƙarƙashin rajistar kamfani a nan take fito da sunansa ta ce sai ma'aikacinsa zai shiga. Gwada kyamara, makirfo, Wi-Fi da kowane rami, ka duba cajar ta asali ce kuma wat ɗinta ya kai. A rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin garanti, ko da mako biyu ne, da abin da garantin ya ƙunsa.

In ka kai ta gida

Sa mata iyakar caji. A ThinkPad ana yi ta Lenovo Vantage, a Dell ta Power Manager, a ASUS ta MyASUS, a EliteBook kuma cikin BIOS. Ka tsayar da shi wajen kashi 80 in yawanci a jone take, batirin zai fi daɗewa. Kada a jona ta lokacin da ake tayar da janareta ko aka dawo da wuta yanzu-yanzu, a bari ta daidaita, a kuma sayi soket mai kariya. Ba a barin ta cikin mota a rana, ba a ɗora ta kan katifa ko darduma tana aiki. Don kallo, tsayar da ita kamar bukka, ta fi shan iska, madannan kuma sun yi nesa da hannun yaro mai maiƙon tuwo. Buɗe wa yara asusunsu daban marar ikon sa manhaja. A saitin harshe ka ƙara Hausa, Windows na da madannanta masu ƙ da ɗ da ɓ. Jaka mai soso dole ce ga mai hawa kabu-kabu, kuma a sa allon ya fuskanci bayanka, ba waje ba.

Ƙanwata dai ThinkPad X1 Yoga ta uku muka ɗauko mata, i5 zubi na 8, RAM giga 16, bayan mun ajiye wata i7 mai sheƙi da ta fi burge ta, wadda rahoton batirinta ya nuna bai kai rabi ba. Alƙalamin na cikin raminsa. Mako biyu bayan haka na je gidan, na tarar da ita a tsakar gida tana gyaran babi na uku, ƙaramin ɗanta na tsugune a gefe yana tambayar ko an kusa kiran isha'i, don an ce masa sai bayan sallah za a mayar da ita bukka.